Ina Sukari Yake Zuwa Idan Aka Dama Shi a Ruwa?

Idan aka zuba cokali biyu na sukari a kofin shayi aka juya, nan da nan ido ya daina ganinsa. Amma bai je ko'ina ba. A ɗora ruwa giram 200 a sikeli, a zuba sukari giram 20: nauyin zai tsaya a 220, ko an dama ko ba a dama ba.

Kowane tsakin sukari curi ne na ƙananan ƙwayoyi da masana kimiyya ke kira molekul, jere suna riƙe da juna. A cikin kowace ƙwaya akwai zarra 12 na kabon, 22 na haidurojin, 11 na oksijin. Ita kuwa ƙwayar ruwa gefe biyu gare ta masu cajin lantarki kishiyar juna, kamar kai da gindin batir. Jikin ƙwayar sukari ma yana da wurare takwas masu irin wannan caji. Da sun haɗu sai ƙwayoyin ruwa su manne musu, su riƙa ciro ƙwayoyin sukari ɗaya bayan ɗaya daga curin, su kewaye su, su bazu da su ko'ina cikin kofin. Man gyaɗa ba shi da wannan siffa, shi ya sa sukari ke kwanciya a ƙarƙashinsa.

Zafi, juyawa da laushin sukarin su ne ke hanzarta aikin. Zafi yana sa ƙwayoyin ruwa kai-komo da sauri, cokali kuma yana kawo sabon ruwa kusa da curin. Don haka mai haɗa zoɓo gara ta narkar da sukarinta tun ruwan da ɗumi, kafin ta sa ƙanƙara.

Sai dai ruwa yana ƙoshi. A zafin digiri 20, mililita 100 na ruwa yana ɗaukar kimanin giram 200 na sukari. Idan ya tafasa, ya ɗauki fiye da ninkin haka. Gishiri kuwa wajen giram 36 kawai yake shiga. Shi gishiri yana rabewa gida biyu masu caji, har ruwansa ya iya ɗaukar wutar lantarki, amma ƙwayar sukari tana nan ɗungurungum.

Idan aka dafa ruwan har ya ƙone, sukarin zai sake bayyana. Haka masu mazarƙwaila ke yi da ruwan rake. Mai ciwon sukari musamman ya lura: duk cokalin da ya shiga lemo ko kunu, da cikakken nauyinsa yake shiga ciki.