Ina Su Kasagi Suka Kai Kuɗinsu? Tambayar da Ba Ta Kan Hanya

Duk ranar da hoton wani tsohon ɗan wasan kwaikwayo ya ɓulla a Facebook yana kwance a asibiti ana nema masa taimako, magana ɗaya ce ke zagaya majalisun Katsina, daga Ƙofar Soro har Ƙofar Ƙaura: "To shi ina ya kai kuɗin da ya samu?" Irin wannan ce-ce-ku-ce aka yi a watan Fabrairun 2022, lokacin da Ladin Cima, wadda aka fi sani da Tambaya, ta shaida wa BBC Hausa cewa abin da ake ba ta a fim bai wuce naira dubu biyu, dubu uku ko dubu biyar ba. Wasu furodusoshi suka musa, wasu suka goya mata baya, aka yi kwanaki ana kai ruwa rana. Da ƙura ta lafa, aka koma gidan jiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaton da mutane ke yi cewa duk wanda fuskarsa ta daɗe a talabijin ya tara dukiya, don haka in ya tsufa a cikin babu, almubazzaranci ne ya kai shi. Wannan zato zalunci ne, kuma rashin sanin yadda sana'ar take ne ya haife shi.

A kowane wasa akwai jarumi, akwai kuma waɗanda suke riƙe da wasan: mai unguwa, boka, uwar miji, ɗan doka, dillaliya, maigadi. Mutum ya fito minti uku, ya gyara zaman rawaninsa, ya yi gyaran murya, ya harari yaron da ya shigo ba sallama, kafin ya buɗe baki mai kallo ya riga ya san ko wane irin dattijo ne. Wannan ƙwarewa ce ta shekaru. A zamanin da, galibi ma ba a rubuta musu kowace kalma. A zauna a faɗi inda labari ya dosa, sauran kuwa daga bakinsu yake fitowa. Da irin wannan baiwa marigayi Ƙasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a matsayin Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn har 'yan Kudu suka san shi. Da ita marigayi Usman Baba Pategi ya mayar da rayuwar barikin soja abin dariya da darasi a Samanja Mazan Fama.

Mu ma a Katsina muna da namu. Marigayi Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ya haɗa biyu: ya yi suna a wasan talabijin, ya kuma rubuta littafin wasan kwaikwayo Kulɓa Na Ɓarna, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1979. Ɗalibai da yawa sun karanta shi a makaranta, daga baya kuma Brendan Shehu ya mayar da shi fim. A nan ma akwai abin lura. Littafin yana nan, ana iya nemo shi a riƙe a hannu. Amma matashin Katsina da ke son ya zauna yau ya kalli wasannin da Kasagi ya yi a gaban kyamara, wace ƙofa zai ƙwanƙwasa?

Mu koma batun kuɗi, ga yadda biyan ɗan wasa yake tafiya. An gama ɗaukar fitowarka, furodusa ko yaronsa ya jawo ka gefe, ya danƙa maka abin da ya sawwaƙa, ya ce ga na mota. Ba takarda, ba sa hannu. Daga wannan rana hulɗarka da fim ɗin ta ƙare. A nuna shi a tashar tauraron ɗan'adam, a maimaita, a ɗora a YouTube dubban mutane su kalla, talla ta shigo, kai ko sisi ba za ka ƙara gani ba. Ɗan ƙodago ke nan: ya yi noma an sallame shi da kuɗin yini, damin da aka ɗaure kuwa rumbun mai gona ya nufa. Wa ya taɓa tambayar ɗan ƙodago ina ya kai hatsin bana?

A Ingila ba haka abin yake ba, kuma ba don furodusoshinsu sun fi namu tausayi ba. Tun 1930 'yan wasansu suka kafa ƙungiyar ƙwadago mai suna Equity, ita ke zama da gidajen talabijin a tsayar da mafi ƙarancin abin da za a biya, a kuma rubuta abin da ɗan wasa zai samu in an maimaita shirin ko an sayar da shi waje. Shi ya sa mutumin da bai taɓa zama babban tauraro ba zai iya shafe rayuwarsa yana fitowa a likita yau, alƙali gobe, ya ci ya sha da sana'ar.

Su ma sun taɓa yin sakaci. BBC ta daɗe tana goge kaset ɗin tsofaffin shirye-shirye don ta sake ɗaukar wasu a kai, har ta rasa sassa masu yawa na shirin Doctor Who, musamman waɗanda Patrick Troughton ya fito a ciki tsakanin 1966 da 1969. Troughton ya yi shekaru yana irin waɗannan fitowa iri-iri kafin a ba shi jagorancin shirin, ya mutu a 1987. Da suka gane ɓarnar da suka yi, sai aka bazama duniya nema. A watan Oktoban 2013 aka sanar da cewa wani Bature, Philip Morris, ya gano sassa tara da suka ɓace a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. A nan Nijeriya. Aka kai su Ingila, aka gyara, aka sa a kasuwa, mutane suka saya. Wani ya tsallako teku neman aikin ɗan wasansu a ƙasarmu, mu kuwa namu na kusa ba mu leƙa mun ga halin da yake ciki ba. Kaset kuwa ba ya jiran kowa. Zafi da ƙura da laima suna cin sa, na'urar da ke kunna shi ma tana ƙarewa.

Ba doka muka rasa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta amince cewa mai fitowa a wasa yana da haƙƙi a kan fitowarsa. Hukumar Fina-finai ta Nijeriya tana da ma'ajiyar fim da sauti a Jos. A Katsina muna da gidan talabijin na jiha, da na NTA, da Hukumar Tarihi da Al'adu, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa inda ake nazarin adabin Hausa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne jami'in da zai ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Mun fi ƙwarewa a saƙon ta'aziyya da buhun shinkafa ranar sadakar uku.

Abu biyu nake roƙo. Gwamnatin jiha ta haɗa waɗannan hukumomi su bi ɗakunan ajiya a Katsina da Kaduna, su kwashe abin da ya saura na su Kasagi zuwa kwamfuta, a buɗe wa ɗalibai da jama'a, in an samu kuɗi da shi a ba iyalansu rabonsu. Ƙungiyoyin 'yan fim kuma, irin su MOPPAN, su tsaya kai da fata kada dattijo ko dattijuwa su ƙara tsayawa gaban kyamara sai da yarjejeniya a rubuce.

Kai kuma mai karatu, in ka sake ganin an sa hoton tsohon ɗan wasa ana neman taimako, kada ka tambayi ina ya kai kuɗinsa. Tambayi nawa aka biya shi, da kuma wanda ke cin moriyar aikinsa har yau.