Abin da ya kamata ku sani: me ke sa tsutsa ta rikiɗa ta yi fiffike?

Sauron da ke hana ku barci a Kawo ko Badarawa da ke Kaduna, kwana goma da suka wuce tsutsa ce a cikin kwata. Malam-buɗe-littafi ma haka ya fara. Wasu sinadarai ne a jikin ƙwaron ke tsara wannan rikiɗa, kuma saninsu zai amfane ku a gida da gona.

Waɗanne sinadarai ne?

Masana na kiransu homon, wato sinadarin da wata gaɓa ke zubawa cikin jini don ya kai umarni ga sauran jiki. Biyu ne manya. Na farko ekdison, mai sa ƙwaro ya yi saɓa. Fatar ƙwaro ba ta girma tare da shi, kamar rigar da ta matse yaro take, dole a tuɓe ta a sa wata. Na biyu shi ne sinadarin ƙuruciya.

Yaya suke aiki?

Idan tsutsa ta ci ta ƙoshi, ƙwaƙwalwarta sai ta aika saƙo ga wata 'yar gaɓa a ƙirjinta, gaɓar ta saki ekdison, a yi saɓa. Abin da za ta zama bayan saɓar kuwa yana hannun sinadarin ƙuruciya. Muddin yana da yawa, tsutsa za ta sake fitowa, sai dai ta fi girma. Ran da ya ja baya, sai ta shige kwanso ta daina ci, jikinta ya sake ginuwa, ta fito da fiffike. Fara da kyankyaso ba sa shiga kwanso, amma sinadaran nan ne ke jan ragamar girmansu.

Kuna iya cewa, wa ya ga wannan da idonsa? An gani. A 1954, masana biyu a Jamus, Butenandt da Karlson, sun tace kilo 500 na tsutsar siliki da ke cikin kwanso kafin suka samu miligiram 25 na ekdison. Ɗan mitsitsi ne, amma shi ke juya jiki duka.

Wa abin ya shafa a Kaduna?

Makiyaya na sahun gaba. A titin Surame da ke Unguwar Rimi akwai cibiyar binciken cutar sammore ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1947, tana nazarin ƙudan tsando mai yaɗa cutar. Lamarin wannan ƙuda abin mamaki ne: uwar ba ta zuba ƙwai a waje. Tsutsa ɗaya take reno a cikinta, ta haife ta bayan kwana tara zuwa goma, tsutsar ta nutse cikin ƙasa nan take ta yi kwanso, sai bayan kusan wata guda ƙuda ya fito.

Bayan makiyaya, sai masu noman fadama a bakin kogin Kaduna, da masu masara da ke fama da tsutsar nan mai cin zuciyar shuka, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2016.

Nawa ne kuɗin maganin waɗannan ƙwari?

Akwai wanda kusan kyauta ne. 'Ya'yan dogon yaro na ɗauke da wani sinadari mai dagula aikin ekdison. Tsutsar da ta ci ganyen da aka fesa wa ruwansu sai ta rage ci, ta kasa saɓa, ta mutu. Akwai kuma na kanti mai suna pyriproxyfen, mai kwaikwayon sinadarin ƙuruciya, wanda ke hana tsutsar sauro kammala rikiɗa. Ana sa shi a wasu gidajen sauro ma, inda yake rage wa macen haihuwa.

Inda mutane ke kuskure shi ne wajen gaggawa. Irin waɗannan magunguna ba sa kashe ƙwaro nan take, suna jiran lokacin saɓa ne. Idan kun fesa ruwan dogon yaro kuka ga tsutsa na motsi washegari, kada ku ce bai yi ba, ku ba shi kwanaki. Ku yi feshi da yamma, domin zafin rana na lalata shi, kuma tun tsutsar tana ƙarama. Ku nemi malamin gona na yankinku ya nuna muku ma'aunin haɗin.