Hannu ya mutu, ƙafa ta yi nauyi: a duba wuya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai mutumin da ake kira rago alhali ba rago ba ne. Hauya ta yi masa nauyi. Mace ta kama taɓarya, ba ta jima ba hannu ya saki. Sanyi yake ji ko a bazara, murya ta dishe, fata ta bushe. Wani lokaci tushen abin yana cikin wuya.

A gaban maƙogwaro akwai wani ɗan nama da lokotoro ke kira tiroyidi. Shi ke zuba wani ruwa cikin jini wanda ke tafiyar da aikin jiki. Ba ya iya yin ruwan nan sai da iyodi, wanda muke samu cikin abinci. In iyodi ya yi ƙaranci, naman sai ya kumbura. Maƙoƙo ke nan.

To ina ruwan wuya da hannu? Tsoka ba ta motsi da kanta. Sai ƙwaƙwalwa ta aiko mata saƙo ta jijiya, ba jijiyar jini ba, wata farar jijiya kamar zare. In ruwan tiroyidi ya ragu, saƙon nan sai ya riƙa tafiya a hankali. Tsoka ta ɗaure, ta yi jinkirin saki. Ban da haka, naman wuyan hannu yakan kumbura ya danne jijiyar da ke bi ta wurin. Sai babban yatsa da na kusa da shi su mutu, ko a ji kamar ana soka allura, musamman da dare. Mai tatsa da mai jan guga sun fi kowa gane wahalar nan.

Makiyayi ma ya lura: tunkiyar da ta rasa iyodi takan haifi ɗa da kumburin wuya, marar ƙarfi, ya kasa tsayawa ya sha nono.

Iyodin da jiki ke so kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake haɗa shi da gishiri. Ƙasar Suwis ta fara haka a 1922, Amurka a 1924. Ku nemi gishiri mai iyodi, ku ajiye shi a rufe, nesa da rana da laima. Mai ciki ta fi kowa bukata, don ƙwaƙwalwar jinjiri. Rogo mai ɗaci kuma a jiƙa shi sosai, don yana hana wuya amfani da iyodi.

Amma gishiri rigakafi ne. Wani tiroyidinsa ne ya gaza, ko da babu kumburi. Tsaga da ƙaho ba su kai wa ga wannan. A je likita, su tura asibiti a auna jini. Maganin ƙwaya ɗaya ce kowace safiya kafin a ci komi, kuma ba a bari sai lokotoro ya ce. Mafi yawa ƙarfin hannu yana komowa cikin watanni.