Wasiƙun Yarima Da Malaminsa: Aminci Ne Ko Soyayya?

A shekarar 1815 wani masani mai suna Anjelo Mai ya gano wani tsohon rubutu a ɗakin karatu na birnin Milan ta ƙasar Italiya. An kankare shi daga fata, aka rubuta bayanin taron malaman Kirista a kansa. Da ya bi diddigi, sai ga wasiƙun Markus Awreliyus, wanda ya sarauci Rum daga shekarar 161 zuwa 180, da na malaminsa Firanto, haifaffen Sirta, wato Kusantina ta Aljeriya a yau.

Sun soma musayar wasiƙun wajen shekarar 139, Markus yana ɗan shekara 18. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne zafin kalmominsu. Kowanne yana ambaton bege da kewa da sumba, yana kuma rasa sukuni in ɗan'uwansa ya kwanta ciwo, alhali Firanto magidanci ne, Markus kuma ya yi aure a 145.

A 2006 wata shehiyar malama a Amurka, Amy Richlin, ta fitar da littafi tana cewa wasiƙun soyayya ne. Masu wannan ra'ayi sukan tuna cewa Rumawa sun san soyayya tsakanin maza, domin Sarki Hadiriyan ya gina gari sukutum don tunawa da saurayi Antinowus, wanda ya nutse a Kogin Nilu a 130. Wasu masanan kuwa suka ce faufau, haka manyan Rum ke zuba wa juna kalmomi masu daɗi, musamman Firanto da sana'arsa ita ce koyar da balaga.

Dattawan Kafin Hausa da sauran ƙasar Haɗejiya ba za su yi mamakin wannan gardama ba. A da, takardar ajami takan buɗe da gaisuwa da so da yarda da aminci, ko da maganar bashi ce a ciki. Aminai kuma kan riƙe hannun juna a kasuwa, ba mai ɗaga ido. Baƙon da bai san gari ba yana iya yi wa wannan wata fassara dabam.

Saboda haka wajibi ne ɗalibin tarihi ya san al'adar masu rubutu kafin ya yanke musu hukunci, kada kuma ya kankare abin da bai yi masa daɗi ba. Masu wasiƙun sun daɗe a ƙasa, ba su da bakin kare kansu.