Idan Kuɗin Ba-zata Suka Shigo Hannunki

'Yar uwa, kuɗin da kika tara da zubin mako-mako kin san darajarsu, don kin san sau nawa kika hana kanki abu kafin su taru. Kuɗin da suka zo a dunƙule ba ki yi zato ba su ne masu wuyar riƙo. Suna zuwa da murna, su zo da baƙi, kafin wata biyu sai ki ji mace tana cewa, "Wallahi ban san inda suka shiga ba."

A zagayen da nake yi wa ƙungiyoyin asusu na Rijiyar Zaki da ƙauyukan kewaye, a Ƙaramar Hukumar Ungogo, na ga irin waɗannan kuɗi suna zuwa ta hanyoyi da yawa: rabon gado, diyyar fili, tallafin gwamnati, aiken ɗa ko ɗan'uwa daga Legas ko Saudiyya, zakkar da wani mai hali ya bayar, ko kaso mai kauri ranar fasa akwati. Mafi girma a yankinmu shi ne kuɗin gona. Birnin Kano yana ta matsowa ta titin Gwarzo, ana yanka gonaki ana mai da su filaye, magada suna sayarwa su raba. Gona tana ciyar da gida kowace shekara, amma kuɗinta sau ɗaya za a damƙa miki. In sun ƙare, ba gona ba kuɗi. Shi ya sa na ware wa wannan magana babi guda.

Mataki na ɗaya: tabbatar naki ne

Kafin ki taɓa ko sisi, ki san ko na wane ne. In gado ne, sai an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyyarsa, sannan a raba. Matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, in ya bar 'ya'ya. In bai bari ba tana da rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu. In matan sun fi ɗaya, wannan kason za su raba tsakaninsu. Kason marayun da ke hannunki amana ce. Ki ware shi daban, ki sa a rubuta, kada ya haɗu da naki.

In kuɗi suka faɗo asusun bankinki ba ki san mai su ba, kada ki ci. Hausawa sun ce tsintacciyar mage ba ta mage. Ki je banki da ƙafarki ki faɗa musu. In kuwa wani ya kira ki a waya ya ce shi ya turo bisa kuskure, ko ya ce kin ci wata kyauta, ya nemi lambar sirrin katinki ko lambar da aka turo miki a saƙo, kashe wayar. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri.

Mataki na biyu: bar su su kwana bakwai

Wannan ita ce dokar da na fi nanatawa. Kwana bakwai na farko kada ki sayi komai, kada ki yi wa kowa alkawari, sai dai in rashin lafiya ce ko ba abinci a gida. Murna tana rufe ido. Abin da kika ga dole ne ranar Litinin, in wata Litinin ta zagayo sau da yawa za ki ga ba dole ba ne.

A cikin kwanakin nan ki riƙe bakinki. Mutum biyu ko uku sun isa: maigida, da wata babba da kika yarda da hankalinta, da wadda za ta taya ki lissafi in ba ki rubutu. In labari ya zaga gidan suna, kin gama hutawa.

Kuma ki kula da inda za su kwana. Kuɗi masu yawa a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla suna jiran ɓarawo, gobara da gara. Kun tuna canjin kuɗi? A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000. A farkon 2023 waɗanda suka ɓoye tsofaffin kuɗi a ɗaki sun sha layi da kuka kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar su. In kuɗin suna da yawa, ki buɗe asusu da sunanki, ba da sunan ɗanki ko ƙaninki ba, a banki mai lasisi. Hukumar NDIC ce ke kare ajiyar jama'a in banki ya durƙushe, kuma daga 2024 tana biyan har Naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙananan bankunan talakawa.

Mataki na uku: raba su gida huɗu

Ɗauki duwatsu ko ƙwayar wake, kowace ɗaya ta tsaya a matsayin Naira 10,000, ki zana gida huɗu a ƙasa. Ido yana ganin abin da zuciya take ɓoyewa.

Gida na farko, bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wanda ya hana ki barci shi za ki fara biya: na mai kanti, na mai taki, na ƙungiya, balle wanda aka riƙe miki gona ko keken ɗinki jingina. Fanso abin da yake kawo miki kuɗi shi ma jari ne.

Gida na biyu, ajiyar ko-ta-kwana. Haihuwar da ta zo da matsala, zazzaɓin yaro da daddare, katangar da ta faɗi da damina. In ba ki da wannan ajiya, ranar da abin ya faru akuyarki za ki sayar a wulaƙance. Ki auna abin da gidanki yake ci a wata biyu, ki ajiye kwatankwacinsa inda za ki iya ɗauka a rana ɗaya.

Gida na uku, jari. Shi ya kamata ya fi kowane girma, aƙalla rabin kuɗin in hali ya yi.

Gida na huɗu, gida da zumunci: kuɗin makaranta, gyaran rufi, sadaka, ɗan abin da za ki ba iyaye da 'yan uwa, da abin da za ki yi wa kanki. E, har da ke. Macen da ta hana kanta komai ita ce take fasa jari daga baya don haushi. Sai dai ki yanke adadin tun farko, in ya ƙare ya ƙare.

Misali, a ce kason gadonki Naira 300,000 ne, wato ƙwayar wake 30. Kina iya sa 4 a bashi, 6 a ko-ta-kwana, 15 a jari, 5 a gida da zumunci. Wannan misali ne kawai. Wadda ba ta da bashi sai ta ƙara wa jari. Wadda tallafin Naira 25,000 ne ya zo mata, ba sai ta yi gida huɗu ba: abinci da ɗan ƙarin jarin sana'ar da take yi sun isa.

Me ya sa ba za a ajiye duka ba?

Domin kuɗin da ke zaune raguwa suke yi ko ba a taɓa su ba. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kaya sun yi ta hawa, har a 2024 ƙididdigar gwamnati ta nuna tsadar kaya ta haura 30 cikin 100 a shekara. Ma'ana, kayan da Naira 100,000 ta saya a 2023, a 2024 sai da aka ƙara fiye da 30,000. Takardar tana nan yadda take, amma cefanen da take yi ya ragu.

Wane jari?

Tambayoyi huɗu nake so ki yi wa duk sana'ar da ta zo miki a rai. Na iya ta? Wa zai saya, kuma da kuɗi hannu ko bashi? Yaushe kuɗina zai dawo? In ta lalace, me zai rage mini?

Sana'ar da kike yi ta fi wadda kika ji labari. In kina ƙuli-ƙuli da man gyaɗa kina sayen gyaɗa kwano-kwano, sayen buhu a Dawanau lokacin kaka zai rage miki tsada sosai, musamman in kun haɗu ku uku ko huɗu kun raba kuɗin mota. Amma ki yi lissafin gaskiya: gyaɗa, markaɗe, itace, leda, kuɗin mota, da abin da yara suka ci. Abin da ya rage bayan nan shi ne riba.

Kiwo jari ne da mata suka sani tun kakanni. Tunkiya ko akuya tana haihuwa, kuma ragon da aka turke watanni kafin Babbar Sallah yana da kasuwa. Sai dai dabba tana ci kullum. Kafin ki saya, ki san inda harawa da dusa za su fito har ƙarshen rani, ki kuma ware kuɗin rigakafi wurin malamin dabbobi. Gara biyu da za ki iya ciyarwa da biyar da za su rame.

Ajiyar hatsi, a saya da kaka a sayar da bazara, ta saba ba da riba, amma ba kullum ba. A 2025 farashin masara da sauran hatsi ya faɗi, waɗanda suka saya da tsada suka ajiye suka tafka asara. In za ki ajiye, ki fara da abin da gidanki zai ci, don ko farashi ya faɗi ba ki yi asara ba. Wake kuwa ki zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki ɗaure da kyau, ƙwari ba za su ci ba kuma ba sai kin sa magani ba.

In kuɗin na gona ne kuma suna da kauri, ki fara tunanin mayar da ƙasa da ƙasa: wata gonar a inda bai kai nan tsada ba, ko ɗan fili. Ki je ki gani da idonki, a kira mai unguwa ko dagaci da shaidu, a rubuta takarda da sunanki.

Inda ba za ki kai kuɗinki ba

Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ki zauna, zai ninka miki a wata ɗaya, ki guje shi ko da a gidan biki kuka haɗu, ko da ya fara da salati. MMM ta yi alkawarin 30 cikin 100 kowane wata, a Disamba 2016 ta rufe asusun mutane. CBEX ta yi alkawarin ninkawa cikin kwana 30, a Afrilu 2025 ta rushe da kuɗin jama'a. Dabarar ɗaya ce: da kuɗin na baya ake biyan na farko, su kuma na farkon su jawo 'yan uwansu da zuciya ɗaya. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Maigida da dangi

A shari'a dukiyar mace tata ce: gadonta, sadakinta, ribar sana'arta. Wannan bai hana shawara ba, kuma gidan da aka yi shawara ya fi zama lafiya. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki zo da tsarinki a hannu: "Malam, ga abin da ya samu, ga yadda na yi tunanin raba shi, me ka gani?" In zai karɓi wani abu, ku fayyace tun farko, kyauta ce ko rance. In rance ne a rubuta adadi da rana, a sa shaidu. Rubutun bashi umarnin addini ne, ba rashin yarda ba ne.

Ga dangi, kada ki yi ƙarya, kada kuma ki fasa jari. Ki ce, "Yaya, kuɗin na riga na sa su a hanya. Ga wannan, ki yi haƙuri, ba yawa." Kyauta kaɗan da kika yafe ta fi rance mai yawa da zai raba zumunci. Haka nan anko da gasar kayan ɗaki: 'yar da kika kai ɗaki da keken ɗinki ko tunkiya ta fi wadda kika cika wa ɗaki da kwanuka.

In dukiyar ta kai nisabi kuma ta shekara a hannunki, akwai zakka, ɗaya cikin arba'in. Nisabi yana canzawa da farashin zinariya, don haka ki tambayi malami.

Ina ƙungiya ta shigo?

Tsarin asusun da muke bi a Maraɗi aka fara shi, a Jamhuriyar Nijar, a 1991, da sunan Mata Masu Dubara, tare da ƙungiyar CARE. Matan karkara ne kamarmu, kuma daga wurinsu ya bazu ƙasashe da yawa. A tsarin, mamba tana zuba kaso ɗaya zuwa biyar a kowane zama, ba ta wuce haka. Saboda haka ba za ki juye kuɗin ba-zata duka a akwati ba, kuma da hikima: kada mace ɗaya ta fi ƙarfin ƙungiya, kada kuma akwati ya cika har ya jawo ido. Abin da za ki yi shi ne ki riƙa cika kaso biyar kowane mako daga ribar jarinki. Tunda rance yana bin yawan abin da kika zuba, har ninki uku, ranar da sana'ar ta buƙaci ƙari ƙofa a buɗe take.

Aikin zama na gaba

1. Kowace mamba ta ɗauki wake 30, ta raba gida huɗu yadda ya dace da gidanta, ta faɗi dalili.
2. Mata biyu su gwada: ɗaya ta zo neman rance, ɗaya ta ba ta haƙuri ba tare da ɓata zumunci ba.
3. Ku lissafa sana'o'i uku da ake yi a unguwarku, ku yi wa kowacce tambayoyi huɗun nan.
4. Ku zaɓi mambobi biyu masu riƙon sirri waɗanda duk wadda kuɗi suka shigo mata za ta iya nema cikin kwana bakwai ɗin farko.

Allah Ya sa albarka a abin da muka samu, Ya ba mu hikimar riƙe shi.