Tsokokin Maƙogwaro Masu Bambanta Kuka da Kuka

'Yan makaranta, ku ɗora yatsa a kan zakaran wuyanku, ku ce "ƙasa", sannan ku ce "ɓera". Kun ji wani abu ya motsa? Wannan shi ne akwatin murya, yana zaune a saman bututun iska. Wajen furta "ƙ" da "ts" tsokoki na tura shi sama, wajen "ɓ" da "ɗ" kuwa su ɗan janyo shi ƙasa.

A cikin akwatin akwai tantani biyu da ke kallon juna. Idan za mu shaƙi iska, wasu ƙananan tsokoki biyu da ke bayan akwatin su kaɗai ke buɗe su. Idan za mu yi magana, wasu tsokokin su haɗa su, iskar huhu ta kaɗa su. Na babban namiji kan kaɗa kamar sau 120 a daƙiƙa ɗaya, na mace kuma kamar sau 200. A lokacin haɗiya sukan rufe ruf, don kada abinci ya bi hanyar iska mu ƙware. Shi ya sa iyaye ke hana surutu a kan abinci.

Akwai kuma tsokar da ke gaba, mai ɗaure tantanin kamar yadda makaɗi ke matse tsirkiyar kalangu. In ta ja, murya ta hau. In ta saki, ta sauka. Da ita muke bambanta kukan yaro da kukar miya, tun da Hausa harshe ne mai karin sauti.

Samarin aji uku da muryarsu ta fara fashewa, kada ku ji kunya. Akwatin ne ke girma, tantanin na ƙara tsawo, tsokokin kuma na koyon sabon aiki. Za ta daidaita.

Sai dai tantanin na kumbura in an matsa masa. Ƙurar hunturu da ke lulluɓe Ringim, ihu a filin ƙwallo, da hayaƙin taba ko shisha duk suna dishe murya. Masu shirin muhawara ko musabaƙa, ku yawaita shan ruwa, ku huta da murya, ku rage kakarin gyaran murya. Idan dishewar ta wuce mako uku, ko numfashi na wahala, a je Babban Asibitin Ringim, in ta kama a tura ku Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse.