Tsakanin Sikeli Da Rasit

Duk wanda ya taɓa raka motar masara ko waken suya zuwa babban sito a Funtuwa lokacin kaka ya san ɗan ɗakin nan da ke gefen sikelin mota. Taga ɗaya gare shi, sai fanka, sai kwamfutar da ƙura ta rine. Direba ya hau da mota kan faifan ƙarfe ya kashe inji, akawu ya danna wani abu, firinta ta yi ƙara ta tofo 'yar takarda. Abin da ke jikin takardar nan shi ne gumin mutum na damina guda. Duk da haka da wuya ka ji wani ya tambayi hanyar da lambar ta bi daga ƙarƙashin tayar mota har ta iso kan takarda.

Awo tsohon zance ne a wannan yanki. Tun da kamfanin auduga na Turawan Ingila, BCGA, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, arzikin manomi yake rataye a bakin malamin sikeli. Dattawa suna da labaran fulotin auduga da ba sa ƙarewa, rabinsu kuwa na ƙwange ne. Da shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya ya zo Funtuwa a 1975, taki ya wadata, masara ta cika gonaki daga Bakori zuwa Ɗandume, kaya suka fi ƙarfin tiya da mudu. Yanzu manyan masu saye da tan suke magana. Malamin sikeli yana nan bai tafi ba, sai dai ya sami abokin aiki da ba a gani, wato manhajar da ke cikin kwamfutarsa.

Irin wannan manhaja ta bambanta da shafin intanet ko abin da muke latsawa a waya. A cikin kwamfutar take zaune, aikinta kuma hulɗa da ƙarfe: sikeli, firinta, kyamara, na'urar ɗaukar zanen yatsa. Wanda ya yi rajistar BVN ko NIN, ko ya dangwala yatsa kafin ya shiga jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya riga ya yi mu'amala da 'yar'uwarta.

A ƙarƙashin faifan sikeli akwai wasu dunƙulen ƙarfe, huɗu ko shida ko takwas, gwargwadon tsawonsa. Idan nauyi ya hau sai su ɗan lanƙwasa, lanƙwasar da ido ba ya gani, ita kuma ta sauya ƙarfin lantarkin da ke ratsa su da ɗan mitsitsin abu. Akwatin lamba da ke kan teburin akawu shi ke karanta wannan sauyi ya mayar da shi kilo. Daga bayan akwatin wata waya mai kai da ƙusoshi tara ta fita zuwa kwamfuta. Tsarin maganar da ke bin wayar nan sunansa RS-232, kuma an fito da shi a Amurka a 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai. Tsoho ne tukuf, amma masu ƙera sikeli sun ƙi rabuwa da shi saboda ba shi da rigima. A saurin da aka fi saita shi, 9600, yana kai haruffa kusan 960 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya ishi sikeli har ya yi saura.

To amma manhaja ba ta da ikon ta miƙa hannu ta taɓa wayar da kanta. A fadar Galadima a Malumfashi ba ka faɗawa ciki kai tsaye, sai an yi maka iso. Haka abin yake a kwamfuta. Uwar manhaja, Windows ko Linux, ita ce mai gidan, duk mai son magana da wata na'ura sai ya bi ta hannunta. Ita ma ba ta jin yaren kowane ƙarfe, don haka kowace na'ura tana zuwa da tafintanta, wata 'yar manhaja da masu gyara ke kira direba. Idan mai gyara ya ce maka firintarka lafiyarta lau, direba ne babu, nufinsa an kawo baƙo ba a kawo tafinta ba. Tafintocin nan a can ƙuryar gida suke zaune, shi ya sa kuskurensu ke da tsada. Ranar 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa da kamfanin CrowdStrike ya tura wa manhajarsa mai zama a wannan ƙurya ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows, a ƙididdigar Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya cik.

Da iso ya samu, sai batun sauraro, kuma a nan gwanintar mai rubuta manhaja take. Hanya biyu ce. Ko dai manhaja ta zama kamar yaron da ke leƙa ƙofar gida kowane minti don ya ga ko baƙo ya zo, ko kuma ta ci gaba da harkarta har sai ta ji sallama. Kwamfuta ta fi son ta biyu. Duk lokacin da aka danna maɓalli, ko aka soka filas, ko harafi ya iso daga sikeli, na'urar takan katse wa ƙwaƙwalwar kwamfuta hanzari, uwar manhaja ta karɓi labarin ta jera shi a layi, ta miƙa wa manhajar da abin ya shafa. Rayuwar irin wannan manhaja kenan tun daga buɗewa har rufewa: ta ɗauki saƙo, ta yi abin da ya dace, ta koma ta ɗauki na gaba. Idan ta shagala da abu ɗaya, a ce ta tsaya jiran firintar da takarda ta ƙare mata, saƙonni sai su taru. Bayan daƙiƙa biyar Windows za ta dusashe tagarta ta rubuta cewa ba ta amsawa. Akawu ya ce kwamfuta ta sandare, alhali laifin na wanda ya rubuta manhajar ne, da ya ɗora jiran firinta a kan wanda ke tsaron ƙofa maimakon ya ba wani ma'aikaci daban a bayan fage.

Akwai wani tarko da ke kama kusan duk sabon shiga. Sikeli ba ya aiko nauyi sau ɗaya ya yi shiru. Yana ta maimaitawa ne sau da yawa a cikin daƙiƙa, haruffan kuma ba lallai su iso a dunƙule ba. A ce nauyin mota kilo 12,340 ne. Sallamar farko tana iya zuwa da 12 kawai, ta biyu ta kawo 340. Manhajar da aka rubuta da gaggawa za ta cafke guntun da ya fara isowa ta ɗauka shi ne duka. Wadda aka rubuta da natsuwa tara haruffan take yi har sai ta ga alamar ƙarshen layi, sannan ta duba ko layin cikakke ne. Ban da wannan, mota ba ta natsuwa nan take: direba na motsi, yaran mota na tsalle suna sauka, iska na kaɗa tamfol. Akwatunan lamba da yawa suna liƙa wa kowane layi haruffa biyu, ST idan nauyi ya tsaya, US idan yana rawa. Manhajar kirki ba ta yarda a buga rasit sai ta ga ST. Manyan sikelin mota galibi tsallen kilo ashirin-ashirin suke yi, don haka rawa biyu ko uku ta kai rabin buhu. Lissafa wannan a kan kowace mota, tun daga farkon kaka har ƙarshenta.

Wata shekara na tsaya a wani sito da ba zan ambaci sunansa ba, ina jiran a auna kayan wani ɗan'uwana. Kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da ramin waya mai ƙusoshi tara, sai an haɗa da 'yar mahaɗa mai shiga ramin USB. Wani ya zare mahaɗar ya sa cajin waya, da ya gama ya mayar da ita wani rami daban. Windows kuwa takan sauya wa irin wannan mahaɗa lamba idan ta sauya rami, wadda take COM3 jiya ta wayi gari COM5. Manhaja tana can tana sauraron ƙofar da babu kowa. Layin motoci ya yi tsawo, rana ta take, sai akawu ya fara leƙa akwatin lamba yana buga nauyi da hannunsa. Wani dattijo da ke gabanmu ya matso taga ya ce, "Malam, wannan lambar sikeli ne ya faɗa ko kai ka faɗa?" Akawu ya ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ban zargi yaron da komai ba, ƙila ma daidai ya buga. Amma ba ɗaya ba ne. Duk amfanin haɗa sikeli da kwamfuta shi ne a cire hannun mutum daga tsakani, kuma rasit ɗin da aka buga da hannu kamarsa ɗaya da na gaskiya. Abin takaicin, Windows tana shelanta wa manhajoji duk lokacin da aka soka ko aka zare na'ura. Da mai manhajar ya sa ta saurari wannan shela, da ta gane an zare sikeli, ta nemo shi a sabuwar ƙofarsa. In kuma dole ta sa a buga da hannu, sai rasit ya fito da tambarin cewa da hannu aka shigar, da sunan wanda ya shigar da lokacin.

Sai wuta. Wanda ya rubuta manhajarsa a ƙasar da ba a ɗauke wuta yana ɗaukar mutuwar kwamfuta ba zato a matsayin abin da ba kasafai ba. A wurinmu abincin yau da gobe ne. Laftof tana da batir, don haka uwar manhaja takan sanar cewa an koma kan batir, ko batir ya yi ƙasa, ko za a yi barci, kuma kafin barcin kusan daƙiƙa biyu kacal take ba kowace manhaja ta tattara kayanta. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin ajiyar wuta, ko wannan ba ta samu. Awon mota kuwa sau biyu ne, da kaya da kuma bayan an sauke, bambancin shi ne nauyin hatsi. Idan awon farko yana ƙwaƙwalwar wucin gadi aka ɗauke wuta, ya tafi, kayan kuma sun riga sun shiga sito sun gauraya da na wasu. Maganin sananne ne: a rubuta kowane awo a faifan ajiyar kwamfuta nan take, ta hanyar da ko dai ya shiga duka ko kada ya shiga sam. Rumbun bayanai na SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000 kuma kyauta ne, an gina shi a kan wannan ƙa'ida. Akwai ma ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe agogon kwamfuta. Idan ya mutu kwanan wata ya koma baya da shekaru, rasit ya fito da ranar da ba ta da alaƙa da kakar bana. Layi kaɗan na rubutu ya isa a sa manhaja ta ƙi aiki idan ta ga yau ta riga jiya.

Za a ce me ya sa ba za a ɗora komai a intanet a huta ba. Mutanen wannan yanki sun san amsar. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari da Sabuwa, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekara. Daidai lokacin girbi kenan. Duk abin da ya dogara da sabis ya kwanta, amma waya mai ƙusoshi tara ba ruwanta da sabis. Intanet na da amfaninta wajen aika kwafin lissafi ga mai kaya da ke Kano ko Legas, sai dai awo kansa dole ya iya tafiya ba tare da ita ba.

Yaranmu da ke koyon rubuta manhaja a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, mafi yawansu hankalinsu na kan shafukan intanet da manhajar waya, inda suke gogayya da duk duniya. Ga aiki a ƙofar gida ba mai kallonsa. Injinan casar shinkafa, masu gurzar auduga, sitocin taki, tashar tsandauri ta Funtuwa, duk awo suke yi, da yawa kuma da tsofaffin manhajojin da suka zo tare da sikelin, a kan Windows da aka daina kula da ita. Ita kanta Windows 10 Microsoft ta janye mata tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025. Kayan koyon ba su da tsada: ƙaramin sikelin shago mai ramin waya a baya, mahaɗar USB, da yaren Python ko C#, waɗanda dukansu suna da hanyar karanta irin wannan waya a shirye. Gwajin ma a gida ake yinsa. Ka zare waya ana tsakiyar awo, ka kashe soket, ka cire takardar firinta, ka ga abin da manhajarka za ta yi.

Alhazan da ke da sito, in za ku sayi manhajar sikeli, ku sa mai sayarwa ya yi wannan gwaji a gabanku kafin ku biya. Kai kuma manomi, kafin direba ya sauko da mota daga kan faifai, ka leƙa akwatin lamba da idonka, ka jira lambar ta tsaya, ka riƙe ta a ka, sannan ka karɓi rasit ka gwada.